Kayan Isuhu Sun Riga Shi Gida

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A makaranta malamai su tare ni, ranar Lahadi matan zumunta su tsare ni a bakin coci, a gida kuma maƙwabciyata Hajiya Binta ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama Hannatu, wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon taɓarya?" Abin da ya dami kowa ke nan, burodi da atamfa da ko na sayo turare. Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na fara ba da labarin sai raina ya ɓaci in katse a tsakiya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa. Amma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido ya kai ni ba.

A cocinmu na Katolika nan Katsina akwai ɗan kwamiti na adalci da zaman lafiya, sistoci ke jan ragamarsa. Wadda ta fi kowa ƙafa a cikinsu ita ce Sista Filomina, 'yar kudu, gajera, mai saurin tafiya kamar an biyo ta. Aikinta ziyarar gidan yari. Takan kai sabulu da maganin ƙaiƙayi da garin kwaki, amma ba wannan ne ya sa gandirobobi suke haɗe rai in sun hango farin lulluɓinta ba. Tambayarta ce ba sa so. Duk wanda ta samu a ɓangaren masu jiran shari'a sai ta ce masa, "Me ya kawo ka? Yaushe rabonka da kotu?" Hausarta ta sayen tumatir ce, don haka ni nake yi mata tafinta.

A nan muka haɗu da Isuhu. Mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye gaba da Maraɗi. Ya zo cin rani yana dako a Babbar Kasuwa, lokacin mulkin soja yana kan ganiyarsa. Aka fasa wani shagon hatsi, washegari aka zo da mota aka kwashe duk 'yan dakon da ke kwana a rumfunan wajen. Masu iyayen gida aka zo aka karɓe su. Masu dangi a gari aka yi belinsu. Shi ba shi da kowa, sai aka tura shi jiran shari'a, aka manta. Ya shiga yana saurayi mai ɗaukar buhu a ka, mun same shi da furfura a gemu da tari mai tsanani. Da na tambaye shi rabonsa da kotu, sai ya ce shi bai taɓa ganin alƙali da idonsa ba.

To, soja suka koma bariki, farar hula suka hau, aka ce babban joji zai zagaya gidajen yari ya sallami waɗanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Sista ta ruga wurin wani babba a cikin gandirobobi. Ya ce mata kai tsaye, shi ba ya fito da mutum gaban joji sai wanda danginsa suka zo suka tsaya a bakin ƙofa. Ta ce mu za mu tsaya masa. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Sista, ke uwarsa ce?" Maganar ke nan. In ba mu kawo wani na jininsa kafin zuwan joji ba, Isuhu zai ci gaba da ruɓewa a ciki, kuma da irin tarin nan ba na jin zai ga wata daminar.

Kada ku ɗauka a cocin ma an tafa mana. Wani dattijo a kwamiti, mai yawan addu'a da ƙarfi, ya ce, "Namu na nan cike da matsala, za ku tsallaka ƙasa saboda Musulmi, ɗan Nijar ma?" Na buɗe baki zan ba shi amsar da zai kwana da ita, Sista ta taka mini ƙafa. Ta ce masa a hankali, ita dai da ta shiga ɗakin masu jiran shari'a ba ta ga an raba ƙaiƙayin bisa addini ba.

Mun tashi da safe a wata tsohuwar fijo, cikin damina, mutum a kan mutum. Daga Katsina zuwa Jibiya ba wata tafiya ba ce, amma shingayen hanya sun mai da ita doguwar tafiya. An ce mana mulkin farar hula ya zo, za a kwashe su. Wallahi ban ga wanda aka kwashe ba, sai dai igiyar ta zama sabuwa. Nan ganga, can katako mai ƙusoshi, gaba kaɗan wani ya ɗaura tsumma a igiya ya zama hukuma. Direba ya saba, hannu kawai yake miƙawa ta taga ba ya ko tsayawa sosai.

A shingen ƙarshe kafin iyaka wani mai kaki ya leƙo ya ga Sista, ya washe baki ya ce, "Sista, a sa mana albarka mana." Kowa ya san irin albarkar da yake nufi. Ita kuwa ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a cikakkiya, har da iyalinsa. Ya ce ba wannan ba. Ta ce ita wannan kaɗai take da ita. Sai ya ce mu biyu mu sauko, takardunmu suna da matsala. Sista ta sauko, ta nemi dutse a gindin bishiya ta zauna, ta fito da carbinta. Haka take yi, ba ta faɗa, ba ta roƙo, ba ta kuma bayarwa. Fasinjoji suka yi caa a kaina, don ni ce mai jin Hausa. Wata mai kwandon barkono ta ce, "Baiwar Allah, ki ba shi mana mu tafi, ko ku waliyyai ne?" Ni kaina a raina ina cewa Sista ta cika taurin kai, ga rana, ga yunwa. Da mutumin ya ga motoci suna wucewa yana asarar na gaba saboda mu, ya wurgo mana takardun ya ce mu ɓace masa.

Da muka tsallaka sai na ga wata duniya. Jandarma, wato 'yan sandan can, ba dariya ba hira. Kowa ya sauka, a yi layi, a duba fuska a duba takarda, a sara maka, ka wuce. Ban ce su mala'iku ba ne, direbanmu ya ce su ma suna da nasu salon. Amma dai shinge ɗaya ne, an san inda yake. Mutanen kuwa mu ne su, su ne mu. Hausa ɗaya, sai dai tasu ta fi ta Katsina nauyi, suna cusa mata Faransanci kamar yadda muke cusa wa tamu Turanci.

Mun isa Maraɗi da rana tsaka muka tarar gari ya mutu. Ofis a rufe, kanti a rufe, har mai sayar da tikitin mota ya shimfiɗa tabarma yana minshari. Wai al'adarsu ce, in rana ta take sai kowa ya kwanta, sai la'asar a farfaɗo. Na ce lallai, mu a Katsina ma'aikaci ba ya rufe ofis don barci, a buɗe yake barinsa ya yi barcinsa a ciki. Kafin su farka motar kasuwar da ke zuwa wajen su Isuhu ta riga ta tafi, dole muka kwana.

Gidan sistoci muka sauka. Tsaf-tsaf, shiru kamar ba mutane, komai da ƙararrawa. Akwai wata tsohuwar Baturiya a cikinsu wadda ta tsufa a ƙasar, da ta gaishe ni da Hausa sai da na ji kunyar tawa. Abinci ne dai ya ba ni haushi. Aka fara kawo ɗanyen ganye a faranti, na zauna ina jiran a zo a dafa, ashe shi ke nan. Aka biyo da wata miya tsararo ba tuwo, sannan cuku mai warin da ko a bakin kwata ban ji irinsa ba. Burodin kuwa, Hajiya Binta, gaskiya ne, dogo ne, kuma in aka maka wa mutum a ka sai ya faɗi. Na lallaɓa waje na sayi kwaɗon zogale wurin wata mata, shi ya tsayar mini da ciki. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne wuta. Tun da muka shiga gidan fanka take juyawa ba ta ko yi tari ba, aka ce mini wai daga ƙasarmu ake ba su wutar. Mu masu ita muna gida muna fama da aci-balbal.

Washegari muka hau a-kori-kura tare da awaki da buhunan gishiri. Hanya yashi ce zalla, gero ya yi tsawo dama da hagu. Mun kafe, maza suka sauka suka tura, muka sake kafewa. Ragowar tafiyar a amalanken shanu muka ƙarasa ta. Ba zan faɗi sunan garin ba, don mutanensa suna nan da ransu.

A hanya mun tsara yadda za mu yi. Mun san zaman kurkuku abin kunya ne a ƙauye, ko da zalunci aka yi wa mutum. Saboda haka muka ce za mu gaisa, mu sha ruwa, sannan mu keɓe da wan Isuhu, Malam Habu, mu gaya masa a asirce. Abin da ban sani ba shi ne Sista ta yi wani shiri nata ita kaɗai. Tana tsoron kada su ƙi yarda da mu, baƙi, Kiristoci, ɗaya ma ba ta jin Hausa sosai. Sai ta je ta matsa wa gandirobobi har suka tono mata kayan da aka kama Isuhu da su, riga da hula da takalmin roba. Ta wanke su, ta goge, ta ninke, ta sa a jaka a matsayin shaida. A garinsu, in ji ta, haka ake yi, ka zo da alama a san daga wurin mutum kake.

Aka kai mu gidan su Isuhu. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, mata suka kewaye mu, aka kawo fura a ƙwarya. Uwar Isuhu ta fito, tsohuwa ce siririya, ana ce mata Inna Hajo, idonta ɗaya ya yi fari. Muka shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina ruwa, ina gida. Ban kai ga rabin gaisuwar ba na ji motsi a gefena. Kafin in juya, Sista ta durƙusa gaban tsohuwar, ta ɗauko kayan nan a ninke da hannu biyu, ta ajiye mata a gaba, ta sunkuyar da kai cikin ladabi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ake nufi in baƙi suka shigo gida da kayan matafiyi a wanke a ninke, ba shi. Haka ake kawo labarin wanda ya rasu a wata ƙasa.

Inna Hajo ta ɗauki hular ta juya ta. Ta ce, "Ni na ɗinka ta." Sai ta kifa fuska a cikinta. Wata mata ta ƙwalla salati, kuka ya ɓarke, kafin ka ce me maƙwabta sun cika gidan. Sista ta dube ni ido waje tana cewa, "Malama, me ya faru? Me na yi?" Na miƙe ina ɗaga hannu ina cewa, "Ku tsaya! Yana da rai! Ba mutuwa ya yi ba!"

Wani dattijo ya matso ya ce, "To ina shi ke?"

Na ce, "Yana Katsina. Yana dai cikin wani hali, jikin nasa ba daɗi, shi ya sa muka zo a tafi da wani."

Kukan ya ƙaru. A nan na gane na zuba fetur a wuta. Ai mu ma haka muke yi, ba a faɗin mutuwa gatsau. Sai a ce jiki ya tsananta, a zo a gan shi. Duk kalmar da na lallaɓo don in rufa musu asiri, ita ce daidai kalmar da ake rufe mutuwa da ita. Ina rantsuwa, suna gyaɗa kai suna cewa Allah ya saka, mun gane. Har wani ya aika a kira liman. Inna Hajo ta kama zanena ta ce, "Ɗiyata, ki bar ɓoye mani, ni tsohuwa ce. Ki hwaɗa mani dai, an yi mishi sutura? Musulmi sunka bizne shi?"

Wannan tambayar ce ta karya ni. Na ga in na ci gaba da kara, tsohuwar nan za ta yi zaman makokin ɗanta alhali yana can yana tari a kan siminti. Na ɗaga murya iya ƙarfina, irin wadda nake yi wa 'yan aji in sun ƙi shiru, na ce, "Isuhu yana kurkuku! A gidan yari yake, a Katsina! Da idona na gan shi!"

Kukan ya tsaya cak. Matar da ta fara salati ta ja mayafinta ta sulale. Aka fara fita ɗaya bayan ɗaya, ana kallon ƙasa. Kun ji abin da ya fi ci mini rai a duk tafiyar nan. Da mutuwa ce da sun zauna har kwana bakwai, da an kawo hatsi, da an dafa gumba. Da aka ce yana da rai amma a ɗaure, kowa ya tuna yana da aiki a gona.

Malam Habu, wan nasa, ya iso daga gona da fartanya a kafaɗa, an riga an kai masa labari. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Kunka zo kunka tozarta mu gaban gari. Mu mun daɗe da yin haƙuri da shi, mun ce ya ɓata. Yanzu wa za ya auri ɗiyanmu, a ce ƙanen ubansu ɓarawo ne?"

Na ce, "Malam, bai saci komai ba. Ko gaban alƙali ba a kai shi ba."

Ya ce, "Gwamnati ba ta ɗaure mutum banza."

Na yi dariyar takaici. Na ce masa da ya zo Katsina na kai shi ya ga ɗaki guda cike da banza. Sai ya juya kan Sista ya ce, "Ku mi ne naku a ciki? Ko kun maishe shi Kirista?" Na fassara mata. Ta ce in gaya masa Isuhu bai bar salla ba, butar da yake alwala da ita ma ita ta saya masa. Ya ce shi dai ba ya barin gona cikin damina ya je ya tsaya ƙofar kurkuku a wata ƙasa, a haɗa da shi a rufe. A wannan kam ban ga laifinsa sosai ba, don wanda ya ji yadda aka kama ƙanensa yana da dalilin tsoro. Amma daga baya wata mata ta raɗa mini cewa gonar Isuhu ma shi yake nomawa.

Sai da Malam Habu ya gama, Inna Hajo ta jawo ni kusa ta ce, "Shina cin abinci?"

Na ce, "Yana ci, Inna, amma ba na kirki ba."

"Shina tahiya da ƙahwahunshi?"

Na ce yana yi.

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Muka ji ƙarar kwanuka. Ta fito da ƙullin kaya a ka da wata 'yar jakar garin gero, ta ɗaure zane tamau. Malam Habu ya ce, "Inna, ina za ki?" Ba ta kira sunansa ba, don ɗan fari ne. Ta ce, "Kai zamna ka tsare mutuncinka. Ni ba ni da wani mutunci da ya wuce autana."

A amalanke Sista ta yi ta kuka tana ba tsohuwar haƙuri, ina fassarawa. Inna Hajo ta dafa ta ta ce, "Bari kuka, ɗiyata. Kin kashe mani shi da hantsi, kin tashe shi kahin azahar. Waɗancan fa da sunka riƙe shi shekara da shekaru ba su aiko ko da tsumma ba?"

Dawowa ma ba ta zo da sauƙi ba. Tsohuwar ba ta taɓa shiga mota mai nisa ba, ta yi ta amai, ta ƙi cin komai sai furar da take damawa da kanta. A gidan sistoci ta ƙi hawa gado, ta ce ita ba ta kwana a sama kamar kaza. A iyaka aka tambaye ta takarda, ta ce wace iri? Ita tun tana budurwa take jin ana zuwa Katsina, ba ta taɓa jin ana neman izini ba. Sista ta fara waige-waigen dutsen zama, na ce a raina yau ma mun shiga uku. Amma mai kakin ya tambayi tsohuwar ina za ta, ta dube shi da idonta mai gani ta ce, "Kurkuku za ni, in ɗauko ɗana da kunka manta da shi." Sai ya ɗaga igiya.

A gidana ta sauka, bayan Ƙofar Sauri. Hajiya Binta ce ta nuna mata alƙibla, ta ba ta dadduma, ta riƙa aiko mata da tuwo. Kullum da safe sai tsohuwar ta tambaye ni, "Yau ne?" In ce mata tukuna. Aka ɗaga zuwan jojin, aka sake ɗagawa, wai yana taro, wai motarsa tana gareji. Mun nemi a bar ta ta ga ɗanta kafin ranar, aka ce ba ranar ziyara ba ce. Ranar ziyara ta zo, aka ce ana share-share saboda manyan baƙi.

Ranar da jojin ya zo, tun da sassafe muka kai ta bakin ƙofa. Sista ta nemo babban gandiroban nan ta nuna masa ita ta ce, "Ka ce uwa. Ga uwa." Ya leƙo ya ganta tsugune da jakar garinta, ya taɓe baki ya koma. Aka bar Sista ta shiga, ni da Inna muka zauna a rana tare da sauran masu jira. An yi wa bangon sabon farin fenti, har da tukwanen fulawa da aka aro daga wani gida a GRA.

Abin da ya faru a ciki Sista ce ta ba ni labari. Aka fito da Isuhu gaban joji. Joji ya ce mene ne laifinsa? Aka dubi juna. Ya ce wace kotu ta aiko shi? Aka ce ana dubawa. Ya ce tun yaushe yake nan? Wani ya ce ya dai daɗe, ranka ya daɗe. Joji ya ce a sallame shi, a kawo na gaba. Shi ke nan. Bai tambayi uwa ba, bai tambayi dangi ba, bai ma san akwai wata tsohuwa da ta tsallako ƙasa tana zaune a rana ba. Sharaɗin nan da ya kai mu Nijar ba ya cikin kowace doka. Gandiroban ne kawai ya san wanda ke da mutane a ƙofa shi ne zai iya jawo masa surutu, don haka su yake fitarwa. Sauran da ba su da kowa, irin Isuhu na jiya, suna can ciki an kulle su a ɗakin baya har joji ya tafi. Ni da Sista mun san su da sunayensu, kuma mako mai zuwa za ta koma ta ci gaba da tambayarta.

Da la'asar ƙaramar ƙofar ta buɗe ya fito, yana kare ido da hannu. Inna Hajo ta miƙe. Ta daɗe tana kallonsa, don ta rabu da saurayi ne, ga shi an miƙo mata mai furfura. Sai ya ce, "Inna." Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana shafawa, ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta ce mini, "Ɗiyata, mi sunka ce ya yi?"

Na ce, "Ba su ce komai ba, Inna."

"To sun ba shi haƙuri?"

Daidai nan wani gandiroba ya daka mana tsawa daga bakin ƙofa, "Kai! Ku matsa daga nan, kuna tare hanya!"

Kafin ya rufe baki Isuhu ya zube ƙasa ya tsuguna, ya ɗora hannu biyu a ka, ya sunkuyar da kai, yadda ake sa su yi a ciki in za a ƙirga su. A bakin titi, mutane suna wucewa, 'yan kabu-kabu suna kallo. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

Tsohuwar ta sunkuya ta cire masa hannuwan daga ka, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Tashi, Auta. Mu tahi gida."